Askin da Na Yi wa Itacen Lalla Zuhura

Ba sai na ɓata muku lokaci da hanyar Agadas da Arlit ba, kowane gida a Matameye akwai wanda ya bi ta. Abin da zan faɗa kawai, direban da ya kwaso mu ya sauke mu a wani fili da hantsi, ya nuna arewa da haɓa ya ce Tamanrasat tana bayan tudun can. Tudun nan sai da ya ci mana yini da rabi a ƙasa. A wannan tafiya na san Lawali, mutumin Kurni, dogo mai ƙorafi, wanda wannan ne zuwansa Aljeriya na uku. Shi ya raba ruwan jarkarsa da ni yana zagin direba, yana zagina da na shanye nawa tun da safe.

A Tamanrasat na yi dakon bulo. A nan wani dillali mai zaƙin baki ya sayar mini da takarda mai hatimi biyu, ya ce da ita babu mai tare ni. Na ɗinke ta cikin leda, na rataya a wuya kamar laya. Sai a Gardaya, inda muka yi aikin dabino, wani malamin lekol, wato makarantar boko, ya karanta mini ita. Ashe takardar biyan ruwan famfo ce ta wani Balarabe. Lawali ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa ban iya cin tuwon ranar ba.

Da dabino ya ƙare, Lawali ya ji labarin wani dattijo a wajen garin Jalfa da ke neman wanda ya san itace. Na buga ƙirji. Ni Hashiru, da na tashi cikin lambun rake da albasa, wanda gonarmu ta fi ta kowa gawo a unguwarmu, a ce ban san itace ba? Na ce masa mu je, in dai saiwa gare shi da ganye, ni ne ubansa.

Muna dosar Jalfa na fara ganin wasu itatuwa a kan duwatsu, kore shar, alhali sanyi ya riga ya kakkaɓe ganyen komai. Na manna fuska a gilashin mota ina kallo. A wurinmu kowane itace da lokacin da yake tuɓe rigarsa. Gawo ma da yake yi wa sauran bauɗiya, da damina yake zubar da nasa. Wannan kuwa aka ce mini bai taɓa tsayawa tsirara ba, rani da sanyi.

Dattijon sunansa Balƙasim, amma kowa Ammi yake ce masa, wato baffa. Gajere ne, fari tas, idanunsa duka biyu yanar ido ta rufe su, sai dai ya ga mutum kamar inuwa. Yana da wurin renon itatuwa a bayan gidansa, layi-layi na baƙar leda, da ɗaki guda na kwano inda ya ba mu wurin kwana. Muna magana da ɗan Faransancin da na tsinta a lekol, da Larabcin allo, abin da ya gagara Lawali ya cike. Ranar farko ya kai ni gaban wani itace ya ce, “Ka san wannan?”

Na ce, “Haba Ammi, ai filawo ne. Na gan shi a Zinder.”

Ya laluba ya tsinko ganye ya sa mini a tafin hannu. “Ja shi.”

Na ja, bai rabu ba.

“Na filawo gaɓa-gaɓa yake tsinkewa. Wannan sanaubar ne. Duba gindin ganyen, nawa suka fito daga kube ɗaya?”

Na duba da kyau. Allura biyu ce, siririya, tsawon yatsa, an ɗaure gindinsu wuri guda. Na tsinko wani, biyu. Na koma wani itacen, nan ma biyu. Wallahi rannan sai da na zagaye wurin ina tsinka ina ƙirgawa, ko zan kama guda da ya yi kuskure. Ammi ya ce akwai danginsa masu uku, akwai masu biyar a wasu ƙasashe, amma na duwatsunsu biyu ne. Ya sa na shafa ɓawon, na ƙarami sumul ruwan toka, na babba ya tsattsage ya yi ja-ja. Ya sa na murza ganyen na shinshina. Ƙaronsa ya manne mini a yatsa, ƙamshin ya bi ni har sallar la’asar.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ’ya’yansa. Ba a ci, ba su nuna, wani kwanso ne mai tauri kamar an sassaƙa ƙaramar abarba da katako. Yana iya shekaru a jikin reshe bakinsa a rufe gam. Sai ya ji zafi sosai yake buɗewa, iri ya zubo, kowanne da fiffike guda kamar na gara. Ammi ya koya mini a jiƙa irin kwana ɗaya, wanda ya taso saman ruwa a zubar, fanko ne. A shuka shi sama-sama cikin ƙasa mai yashi. Ban-ruwa kuwa a nan muka fi samun saɓani. Hannuna ya saba da albasa, in ban ga ƙasa ta yi laka ba hankalina ba ya kwanciya. Ammi ya tura yatsa cikin leda ya ji danshi, sai ya ɗaga murya: “Ya Hashir! Wannan ɗan dutse ne, ba ɗan fadama ba. Za ka ruɓar masa da wuya!”

Sanyin Jalfa ba irin wanda muka sani ba ne. Ranar da ƙanƙara ta fara sauka fari fat, na ɗauka ƙarshena ya zo. Na tuna rana tana dukan bangon gidanmu, na tuna Inna tana gasa mini rogo, na zauna bayan ɗaki na yi kuka, ban ji kunya ba. ’Yar Ammi, Yamina, wadda ke kula da gidan, ta gan ni ta taga. Da azahar sai ga wata doguwar riga ta gashin raƙumi mai hula a haɗe, irin da suke kira ƙashabiya, an rataye a ƙofar ɗakinmu. Ta gajarce mini, hannuwana a waje, amma ita ta fitar da ni sanyin nan da raina.

A tsakar gidan akwai sanaubar guda da ya bambanta da sauran. Ya fi katanga tsawo sau biyu, ya baje rassa, ƙarƙashinsa da benci. Matar Ammi, Lalla Zuhura, ita ta shuka shi da hannunta shekaru kaɗan kafin ta rasu. Kullum da hantsi Ammi yakan zauna a nan ya jingina bayansa da shi. Ba ya barin kowa ya ɗaura ko igiyar shanya a jikinsa.

Tsakiyar sanyi ɗansa ya zo daga babban birni ya tafi da shi, za a cire masa yanar ido, kuma zai zauna can har gari ya yi ɗumi. Yamina ta bi shi. Ranar tafiya ya kama hannuna ya ɗora a kan itacen. “Shekara shida ban gan shi ba sai da hannu,” in ji shi. “In Allah ya buɗe mini ido, shi nake so in fara gani. Amana, ya Hashir.”

Na ce, “Ammi, ka tafi da kwanciyar rai. Za ka tarar da shi ya fi haka kyau.”

Ba a yi kwana ashirin ba na lura da wasu fararen dunƙule a kan rassan, kamar an liƙa auduga. Na sa sanda na tsokani guda. Tabɗi! Gizaka ce cike a ciki, ɗaruruwa. Wuyana da hannuwana suka kumbura, na yi kwana biyu ina susa kamar mai ƙazuwa. Na zauna ina kallon ikon Allah: in rana ta ɗan yi ɗumi sai su fito a jere, kan wannan a wutsiyar wancan, layi guda ba mai wuce wani. Abin sha’awa ne da a ce ba ganyen amanata suke ci ba. Wasu rassan har sun fara yin ja.

To ni me na sani? A gida in bedi, wato dogon yaro, ya kamu da cuta, ko ya yi nauyi, hawa ake yi da gatari a yi masa aski ƙwal, a bar gungume da kafaɗu. Kafin damina ta yi nisa ya fito da sabon toho, ya fi da cika. Haka muke yi wa gawo in za a ba dabbobi, haka kalgo da sabara, ko daga ƙasa ka sare su sai sun dawo. Tun ina yaro ban taɓa ganin itacen da aski ya kashe ba. Lawali ma da na yi masa shawara cewa ya yi, “Ka aske shi mana, me kake jira?” Shi ma ɗan ƙasarmu ne, abin da na sani shi ya sani.

Na wasa gatari, na naɗe fuska da rawani, na hau. Na yi aiki mai kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Sara a karkace yadda ruwa ba zai kwanta ba, ban bar reshe ko ɗaya mai ganye ba, har kan na sauke. Rassan da ke da gizaka na ƙone su, sauran na tara bayan ɗakinmu don makamashi. Na tsaya nesa ina kallon gungumen ina jin daɗi, ina cewa a raina Ammi zai sha mamaki.

Na fara jira. Kullum da safe in zagaye shi ina neman toho. Ƙaro kawai yake tsattsafowa daga wuraren saran, yana gangarowa yana daskarewa. Na ce sanyi ne. Sanyi ya sassauta, itatuwan almon na maƙwabta suka yi fure, ciyawa ta fito, shi shiru. Na kai masa taki. Na ba shi ruwa, har na wuce ƙa’ida.

Wani maƙwabci makiyayi ya leƙo ta katanga wata rana, ya ga gungumen, ya dafe kai. Ya yi ta magana da sauri, ban kama komai ba sai sunan Allah. Lawali ya saurara, na ga fuskarsa ta canza.

Na ce, “Me ya ce?”

“Ya ce sanaubar ba ya toho.”

“Kamar yaya ba ya toho? Itace ne fa!”

“Ya ce daga bakin reshe mai ganye kawai yake ƙaruwa. In ka raba shi da ganyensa duka, ka yanka shi ke nan. Ya ce gidan gizakar kaɗai ake yankewa a ƙone.”

Na zauna a kan bencin Ammi. Na kasa gane yadda za a yi itace mai saiwa a ƙasa, ga ruwa ga taki, ya ƙi dawowa. Na ɗauko wuƙa na ɗan kankare ɓawon in ga ko da sauran kore a ciki. Ya bushe har can.

Lawali ya ce mu tattara mu nufi birnin Wahran kafin su dawo. Da na ƙi, ya ce to in ce gizaka ce ta kashe shi, na sare ne bayan ya mutu. Na ce maƙwabci ya gani, kuma ko bai gani ba, mutumin nan hannuna ya kama. Lawali ya kira ni wawa, ya yi kwana biyu yana fushi, ranar ta uku ya ɗauki jakarsa. Ya bar mini rabin shayinsa da sukari. Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma ’ya’ya gare shi a Kurni, kuma ya san in aka kore mu daga gidan nan ba mu da inda za mu ɓuya.

Ni kaɗai na rage. Wata safiya na ɗebo rassan nan na bayan ɗaki zan hura murhu, na jefa guda kusa da wuta. Ina dama shayi sai na ji ƙas, ƙas. Na waiga. Kwanso ne a jikin reshen yake buɗe baki saboda zafi. Na ɗauke shi da sauri har ya ƙona mini yatsa, na buga a ƙasa, sai ga iri yana zubowa da fikafikansa. Na fita a guje ba takalmi. Rassan cike suke da kwanso, duk na itacen Lalla Zuhura, bakinsu a rufe, suna nan tun ranar da na sare su.

Na tsinke su duka na jera a kan fallen kwano gefen murhu, ba kusa sosai ba. Kwana uku ɗakin yana ƙas-ƙas. Na jiƙa irin, na zubar da masu tasowa, na tankaɗe yashi na haɗa da ƙasar gindin manyan sanaubar kamar yadda Ammi yake yi. Ban-ruwa kuwa, sai da na riƙa riƙe hannuna na dama da na hagu. In na ɗauki buta sai in ji muryarsa a kunnena, in ajiye. Duk da haka na kashe da yawa, wuyansu ya yi baƙi suka kwanta. Tsuntsaye suka ci wasu kafin in yi dabarar rufa musu raga.

Bayan mako uku na ga na farko. Ya fito a lanƙwashe, washegari ya miƙe da ɓawon irin a kansa kamar hula. Da hular ta faɗi sai ya baje ’yan siraran ganye a zagaye. Na kwanta rub da ciki ina kallonsa har wuyana ya ƙage. Goma sha ɗaya suka rayu.

Ammi ya dawo da rana tsaka, da baƙin tabarau, yana tafiya ba mai riƙe masa hannu. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Ashe haka kake, ya Hashir. Na ɗauka ka fi haka tsufa.” Sannan ya wuce ni ya shiga tsakar gida, ya cire tabarau.

Yamina ce ta yi salati. Shi kuwa ya ƙura wa gungumen ido. Ya daɗe a tsaye, sannan ya matsa ya ɗora hannu a kan gungumen, ya rufe idanun da aka buɗe masa.

Na durƙusa na faɗa masa duka, da Faransancina mai karyewa. Na ce ba gizaka ba ce, ni ne. Na ce a garinmu haka ake yi wa itace in ana son sa. Na ce in ya kore ni bai zalunce ni ba.

Ya ce, “Ka tambayi wani?”

Na ce, “A’a.”

“Me ya sa?”

“Na ɗauka na sani.”

Ya shige ɗaki. Kwana huɗu bai fito tsakar gida ba, bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Yamina tana ajiye mini abinci ba ta kallona. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ban kai masa tsiron ba, don na ji kunyar a ce na kashe babba na zo ina nuna abin da bai kai tsinken sakace ba.

Rana ta biyar ya fito zagayen ledoji, ya tarar da su da kansa a bayan ɗakinmu, ƙarƙashin raga. Ya tsuguna. “Waɗannan fa? Ban bar iri ba.”

Na ce, “Nata ne, Ammi. Daga rassan da na sare.”

Ya tura yatsa cikin leda ya ji ƙasar. Ya sake turawa a ta biyu. Ya kawo fuskarsa dab da tsiron, ya daɗe yana kallo. “A gwangwanin tumatir ta shuka shi,” in ji shi. “Kamar wannan yake. Na yi mata dariya, na ce akuya za ta cinye.” Ya share ido da bakin rawani. “Inuwar da zan zauna ka riga ka cinye mini ita, wannan ba za ta dawo ba. Amma kai za ka tone gungumen nan da hannunka, in kaka ta zo kai za ka dasa ɗansa a wurin.”

Na tone shi. Kwana uku ina haƙa, saiwarsa ta yi nisa cikin dutse. Na gyara ramin na bar shi yana jiran ruwan kaka.

Dasawar ce Allah bai nufa da ni ba. Wata ranar kasuwa na shiga gari sayen leda, aka tare titi gaba da baya, aka kwashe duk wani baƙar fata marar takarda. Ko ƙashabiyata ban koma na ɗauka ba. Kwanaki muna cikin mota, aka sauke mu bakin iyaka, muka taka zuwa Asamaka. Na iso Matameye da rigar jikina da lambar wayar Yamina da na haddace. Abin da ya fi cin raina a hanyar nan ba yunwa ba ce, tunanin Ammi zai ce na gudu ne.

Na ari salula na kira. Yamina ta ce sun neme ni har sun gaji, ta ce Ammi ya hana kowa taɓa ramin, wai sai na dawo. Na ce ta roƙe shi ya dasa, kada kaka ta wuce.

Shekara ta zagayo, ina kan bedin ƙofar gidanmu da gatari, ƙanena ya miƙo mini salula ya ce saƙon murya ne daga Larabawa. Na saurara a nan saman. Muryar Ammi ce, ta ƙara tsufa.

“Ya Hashir. Na dasa. Ya kai gwiwata. Yau na ga ya fara fitar da allurarsa ta manya, na ƙirga da idona, biyu-biyu ne.” Ya yi tari, na ji Yamina tana dariya a bayansa. “Ƙashabiyarka tana nan a rataye. In za ka zo, ka zo. Gatarin ka bar shi a garinku.”

Na sake saurara sau uku. Ƙanena yana ta tambaya daga ƙasa ko lafiya, me suka ce. Na sauko da gatarin, ban sari ko reshe ɗaya ba ranar.